Yadda za ka gane salon buɗe wasa da ake yayi a gasannin ces

Buɗe wasa a ces (chess), wato takun farko-farko da ake fara wasa da su, shi ma yayi gare shi, kamar ɗinkin sallah: abin da manya suka ɗauka bana shi kowa zai ɗauka baɗi. Ba sai ka jira masu sharhi ba, kai ma za ka iya bin sawun wannan sauyi da waya ko kwamfuta.

Fara da tara wasanni. Shafin The Week in Chess, wanda Mark Crowther ke gudanarwa tun 1994, yana fitar da wasannin manyan gasanni da na zakarun ƙasashe kowane mako kyauta, a fayil ɗin PGN, wato tsarin da ake adana wasannin ces a kwamfuta. Sauke su ka zuba a SCID, manhajar adana wasanni da bincikensu, ita ma kyauta ce. In wannan ya yi maka nauyi, shiga Lichess, shafin buga ces a intanet, ka buɗe rumbun wasannin gwanaye, inda ake iya taƙaita bincike ga shekarun da kake so.

Sai ka koyi lambobin ECO, daga A00 zuwa E99, da su ake rarraba buɗi. Ba sai ka haddace ba.

Mataki na uku shi ne ainihin aikin. Zaɓi matsayi guda, ka duba shi a zamani biyu. Buga 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bb5 (haka ake rubuta taku a ces), ka ga amsar da Baƙi, wato mai baƙaƙen 'ya'ya, ke bayarwa kafin 2000 da kuma bayanta. Za ka ga 3...Nf6, wato kariyar Balin, ta yi tashin gwauron zabo. Dalili kuwa, a 2000 a Landan Vladimir Kramnik ya tono ta ya tare Garry Kasparov da ita, ya ƙwace kambun duniya ba tare da Kasparov ya ci ko wasa ɗaya ba. Yanzu koma baya taku ɗaya ka duba abin da Fari ya koma yi. Da ya gaji da musayar sarauniya da wuri da kunnen dokin da Balin ke jawowa, sai ya riƙa buga 4.d3, ko ya kauce gaba ɗaya zuwa 3.Bc4, tsohon buɗin Italiya da a da ake wa kallon na 'yan koyo. A ganina yawancin yayi haka yake tasowa: Baƙi ya gina katanga, Fari ya nemi wata ƙofa.

Daga nan jera wasannin kambun duniya kusa da alƙalumanka, domin can ake yawan kunna wutar. A 2018 Magnus Carlsen ya fuskanci Fabiano Caruana da reshen Sveshnikov na kariyar Sisiliya, duk wasanni 12 na dogon lokaci suka tashi canjaras. A 2023 a Astana, Ding Liren ya ci Ian Nepomniachtchi wasa na 6 da tsarin Landan, wato d4 da Bf4, salon da aka daɗe ana cewa na masu ƙyuyar karatu ne. A 2024 a Singafo kuma Ding ya ci Gukesh wasan farko da kariyar Faransa, duk da cewa Gukesh ne ya tafi da kambun. Duba watannin da suka biyo bayan kowanne, ka ga ko salon ya bazu ko a nan ya tsaya.

Kada ka manta da hannun kwamfuta. Tun bayyanar AlphaZero, manhajar kwamfuta mai buga ces, a ƙarshen 2017, tura sojan layin h gaba da wuri ya zama ruwan dare. Kuma tunda kowa na da Stockfish, manhajar nazarin wasa, a gida, gwanaye sun rage neman takun da ya fi kowanne kyau, sun koma neman wanda abokin karawa bai shirya masa ba. Shi ya sa wani salon kan bayyana a gasa ɗaya ya ɓace. Wannan kwanton ɓauna ne, kada ka lissafa shi a yayi.

Wajen karanta alƙaluma, raba wasan dogon lokaci da na gaggawa, domin abin da ke ci a minti uku ba lallai ya ci a awa huɗu ba. Kason nasara daga wasanni goma sha kuma ba hujja ba ne.

Kafin ka ɗauki salo, koma rumbun Lichess na 'yan wasa gama-gari, ka saita shi daidai makinka na ƙwarewa da tsawon lokacin da kake bugawa. Balin na yi wa gwani amfani ne saboda canjaras da Baƙi riba ce a wurinsa. Kai da ke gasar ƙarshen mako, inda sai ka ci kusan kowane zagaye kafin ka ga kyauta, wataƙila Sisiliya ko Faransa ta fi dacewa da kai. Gwada sabon salon a wasanni kamar talatin a intanet, kana duba kowanne da Stockfish bayan an tashi, sannan ka kai shi gasa.