Yadda za ka samu mai ɗora ka a hanya a binciken haɗarin AI

Na farko dai ka zaɓi ɓangare ɗaya cikin manyan haɗurran da ke barazana ga duniya, kar ka ce duka kake so. Ko haɗarin AI (wato ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta), ko annoba, ko yaƙin nukiliya. Wanda ya ce komai yana so, gaskiya ba a san ta ina za a taimaka masa ba.

Na biyu, ka ɗan yi karatu kafin ka tunkari kowa. Shiga shafin 80,000 Hours, ƙungiya ce mai ba da shawara kan zaɓen aiki da aka kafa a Oxford a 2011, sunan ma lissafin awannin aikin mutum ne, awa 40 a sati, sati 50 a shekara, har shekara 40. Wata ƙungiyar kuma, BlueDot Impact, suna da kwasa-kwasai a intanet kan tsaron AI.

Sai ka cike fom ɗin neman shawara na 80,000 Hours ɗin, kyauta ne, hira ce ta bidiyo da mutum ɗaya, amma fa ba kowa suke ɗauka ba. Nan ne mutanenmu ke ɓata rawarsu da tsalle, a cika gaisuwa da "ku taimaka min", alhali abin da masu ba da shawarar suke so su gani shi ne me ka karanta, me ka taɓa yi ko da ɗan rubutu ne ko furojet ɗin digirinka, kuma wace shawara ce ta tsaya maka a rai yanzu.

Ranar hira ka tanadi data da caji, ka rubuta tambayoyi uku a takarda. Bayan an gama ka tura imel na godiya, ka faɗi abin da za ka fara yi.