Yadda za ki rage suyar Sallah ba tare da an ce kin yi rowa ba

Aikin cincin da kek na ƙaramar Sallah ba ya tsayawa inda aka fara shi. Shekarar farko kwano ɗaya ne na fulawa, don yara da baƙi. Duk wanda kika aika wa sau ɗaya kuwa ya shiga lissafi, baɗi sai ya zuba ido, har ki wayi gari kina sayen rabin buhu a Kasuwar Singa. Ni matar babban wa ce a gidanmu nan Kano, don haka a tsakar gidana ake girka kaskon suyar dangi, na san inda abin yake ciwo: a baya, a gwiwa, da kuma a goman ƙarshe na azumi, lokacin da mutane ke tafiya tahajjud ke kina tsame dubulan daga ruwan sukari.

Abubuwa biyu sun ƙara wa aikin nauyi. Azumin 2024 da na 2025 a watan Maris suka kama, lokacin da zafin bazara yake kunno kai, tsayuwa gaban mai da ƙishirwa kuwa ba wasa ba ne. Sannan tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, fulawa da sukari da man gyaɗa da bota da ƙwai da gas babu wanda ya zauna a farashinsa na da.

Ki fara da rage iri, kada ki taɓa inganci. Mata da yawa idan abin ya yi musu yawa sai su rage bota, su rage ƙwai, su sayi mai mai arha, amma su ci gaba da yin kala biyar. Sakamakon shi ne wahalar tana nan yadda take, ga cincin mai tauri da ba wanda zai yaba. Abin da ke cinye ƙarfi ba yawan fulawar ba ne, yawan kalolin ne, domin kowanne da kwaɓinsa, da kayan aikinsa, da wanke-wankensa. Dubi dubulan: ki murza a injin taliya, ki yanka, ki naɗe kowane ɗaya da hannu, ki soya, ki dafa sukari da lemon tsami, ki tsoma, ki jira ya tsane. Alkaki sai an ɓarza alkama, an kwaɓa ya kwana, an naɗa, an soya, shi ma a tsoma. Waɗannan asali kayan gara ne, aikin da mata da yawa ke taruwa a kai don biki guda. Ban san ranar da muka mayar da su farillar kowace Sallah a kan mace ɗaya mai azumi ba.

Wajen zaɓe, ki tuna Sallar bara. Me ya fara ƙarewa? Me kika tarar a ƙasan bokiti bayan an gama azumin Sitta Shawwal? A gidana cincin ne yake tafiya tun kafin Hawan Nasarawa, dubulan kuwa ana ɗaukar ɗaya don kara, a ce ya yi zaƙi. Saboda haka na tsaya a kala biyu, ɗaya na suya ɗaya na gashi: cincin da gireba. Gireba ba ta son komai sai fulawa da sukari da mai da ɗan riɗi a kai, ba kasko, ba hayaƙi a ido. Idan gidanki masu kek ne, ki sa kek a gurbinta. Amma biyu, ba uku ba.

Sai batun mutane, wanda ya fi na fulawa wuya. Ki zauna da takarda tun a Sha'aban ki rubuta duk gidan da kika aika wa bara. Akwai waɗanda dole ne abin hannunki ya je musu: iyayenki, surukanki, tsohuwar maƙwabciya da ba ta da mai yi mata, gidan da kika san ba za a ɗora kasko ba saboda babu. Waɗannan kada ki taɓa su. Akwai waɗanda za su zo yawon Sallah da ƙafarsu. Su faranti ya ishe su, ba sai an bi su da roba ba. Sai kashi na uku, inda asarar ƙarfin take: ƙawaye da facaloli da kuke musayar bokiti. Ta aiko miki cincin, kin aika mata cincin, yara sun sha rana a hanya, kowacce ta kwana biyu ba barci, a ƙarshe abin da ke gidanki shi ne a gidanta. Ki kira ta ki ce, “Ƙawata, bana mu yafe wa juna, mu haɗu mu gaisa kawai.” Na yi wannan kiran, abin da na fi ji a amsa shi ne hamdala.

Ki kuma sauya mazubi. Ƙaramar roba cike taf ta fi babban bokiti rabi kwarjini a idon wanda aka kai wa.

Lokaci kuma, ƙa'idata ɗaya ce: kasko ya sauka kafin ashirin ga azumi. Busassun kaya ki saye su tun a Sha'aban, kafin cunkoson kasuwa. Idan akwai wata tsohuwa da ba ta jin an yi Sallah sai ta ga nakiya, ki daka mata ita ma a Sha'aban, nakiya tana watanni ba abin da ya same ta. Cincin yana kai makonni lafiya lau muddin kin soya shi ya bushe har ciki, kin baza shi a tire ya huce sarai, sannan kin rufe a bokiti mai murfi mai kamawa. Idan kika rufe shi da ɗumi zai yi gumi ya saki. Ki yi kwaɓi da yanka da safe bayan asuba, ki yi suya da dare bayan asham, cikinki da abinci. Suyar la'asar, ga kunun buɗa-baki ga ƙosai suna jira, ita ce ke kwantar da mace. Ki kakkaɓe garin fulawar da kika barbaɗa wajen yanka kafin ki zuba a mai, shi ne yake ƙonewa ya baƙanta man har ki rasa na zagaye na biyu.

Kek ne kaɗai ba ya jira, a wannan zafin kwana kaɗan yake yi. Shi sai kwana biyu kafin Sallah, kuma ba sai kin zauna gaban yashi da gawayi kina sauke gwangwani shida-shida ba. Ki kwaɓa a gida, ki zuba a gwangwanaye, a kai gidan burodin unguwa su gasa miki a tashi ɗaya. Ki tura da sassafe saboda layi, ki kuma yi wa tirenki alama, domin ranar kowa kek ɗinsa iri ɗaya ne.

An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma gayyar suya ni ban ga ribarta ba. Mata biyar su taru a gidanki da 'ya'yansu, ke ce mai abincin buɗa-bakinsu, ke ce mai shara bayan sun tafi. Abin da ya fi shi ne rabon kala: ke cincin na gidaje uku, facalarki kek, ɗayar gireba, kowacce a ɗakin girkinta, a lokacin da ya yi mata, ranar jajibiri a yi rabo. Yanka cincin kuma aikin yara ne, har da mazan. Wuƙa da faranti ba su san jinsi ba.

Saye ma ba abin kunya ba ne. Kusan kowace unguwa akwai mai sana'ar alkaki da dubulan, kuma ta fi ki hannu tunda kullum shi take yi. Ki ɗanɗana nata tun kafin azumi, ki ba da kafin alƙalami da wuri, don a makon ƙarshe ba ta karɓar sabon aiki. Idan maigida ya ce na gida ya fi arha, ki lissafa masa har da gas da man da za a zubar, ki ga ko zai maimaita.

Surukarki kuwa kada ta ji a bakin wani, kada kuma ta gani a roba ranar Sallah. Ki je da kanki kafin azumi, bayan gaisuwa ki ce, “Hajiya, bana ina so in samu goman ƙarshe sosai, shi ya sa zan taƙaita aikin. Me kuka fi so in yi muku da hannuna?” Da wuya uwa ta ce ki bar sallar dare ki soya mata fulawa. Abin da ta zaɓa ki yi mata shi da kyau, ko da ɗan kaɗan ne. Sauran dangi da za su leƙa faranti su ce, “Bana ba dubulan?” amsarsu gajera ce: “Bana cincin muka yi, bismillah.” Kada ki kawo dalilai, kowane dalili kika kawo sai an ba ki shawarar yadda za ki shawo kansa.

Haɗarin ƙarshe yana zuwa wajen ashirin da bakwai ga wata, lokacin da hotunan bokitai suka cika WhatsApp, zuciya ta fara cewa ko kwano ɗaya a ƙara. Shi ya sa nake sayen fulawa daidai abin da na rubuta, ba ragowa a sito. Bayan Sallah kuma ki rubuta kwano nawa kika yi, gida nawa kika kai, me ya yi saura, ki ajiye takardar cikin injin taliya ko wajen gwangwanayen kek, inda za ki ci karo da ita a Sha'aban mai zuwa.