Yadda Mace Mai Sana'a Za Ta Koma Karatu a Arewacin Kamaru

Kakanninmu da dama sun yi karatun allo, wasunsu har suna rubuta wasiƙa da ajami, amma iyayenmu mata talla da auren wuri suka sha gabansu, kuma sai a shekarar 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a Kamaru. Mai suyar ƙosai ko mai ƙuli-ƙuli a Garuwa, Marwa ko Ngaundere tana iya samun abin da ya wuce mahaifiyarta.

Da farko ki san abin da kike nema. Idan burinki ki karanta saƙon kuɗin waya na Orange Money da kanki ba tare da kin miƙa wa yaron shago wayarki ba, ajin yaƙi da jahilci ya isa, kuma ofishin sufeton makarantun firamare na yankinki zai nuna miki mafi kusa. Idan kuwa sana'a kike so, cibiyoyin horar da mata da ke ƙarƙashin ma'aikatar mata da iyali suna koyar da ɗinki da makamantansa. Ki tambayi harshen da ake koyarwa da shi, domin fara Faransanci kai tsaye yakan sa gwiwar babba ta yi sanyi.

Takardar haihuwa ce ke tsayar da mata da yawa. Ba a zama jarrabawar CEP ta kammala firamare sai da ita, kuma wadda ba a yi mata rajista tana jaririya ba sai ta je kotu da shaidu, a yanke mata hukuncin da za ta kai ofishin magajin gari kafin a ba ta takardar. Abin yana ɗaukar lokaci, saboda haka ki fara tun kafin Satumba, watan da ake buɗe makarantu, kuma ki haɗa da ta 'ya'yanki mata a tafiya ɗaya.

Sai maganar gida. Ki shawarci maigida da surukarki tun kafin ki yi rajista, sannan ki shirya da abokiyar zama ko maƙwabciya ta riƙe miki kasko a ranakun aji. A ganina babban kuskure shi ne ɗora wa 'yarki farantin talla domin ke ki samu zuwa, alhali ita ma tana da aji. Kuɗin littafi da alƙalami kuwa, kwasar adashi ɗaya ta isa.

Kullum da dare ki rubuta sunayen masu cin bashin ƙosanki da adadin sefar da kike bin kowa, ki ba 'yarki ta duba miki.