Yadda ake sayen dashen itatuwa masu saurin girma a sari ba tare da an tafka asara ba

Kuɗin dashe ɗaya a gandun reno ba shi ne farashin bishiya ba. Farashin gaskiya sai bayan shekara guda ake saninsa, idan an raba duk abin da aka kashe da adadin itatuwan da suka rayu. Wanda ya sayi dashe 1,000 a rabin kuɗi, 500 suka mutu, bai ci ribar komai ba, ga kuma kuɗin haƙa rami, dako da ban ruwa da suka tafi a banza.

Tun kafin a je ciniki a san adadin da ake buƙata, kuma tazara ce ke faɗin wannan. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Tazarar mita 3 da 3 tana cin dashe 1,111, mita 2.5 da 2.5 tana cin 1,600, mita 2 da 2 kuwa 2,500. Mai neman itacen girki ko sandunan rufi zai iya matse su, mai neman katako ya ba su fili. A kan adadin da ya fito a ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin 100 don cike gurbin waɗanda za su mutu, a saye su tare da sauran, domin komawa daga baya neman ɗari ɗaya ko biyu a farashin ɗaiɗai ne.

Saurin girma kuma ba a kowace ƙasa yake tabbata ba. Turare yana miƙewa da sauri, yana sake tohowa bayan an sare shi, amma mashayin ruwa ne, ba a kai shi kusa da rijiya, harsashin gini ko gonar hatsi, kuma gara tana cin ƙananansa sosai. Dogon yaro yana jure fari amma ba ya son ƙasar da ruwa ke kwanciya. Malaina tana son ruwan sama wadatacce da ƙasa mai zurfi, a tsandauri sai ta tsugune ta yi rassa. Zogale ya fi su duka sauri, sai dai itacensa laushi ne, ba ya katako ba ya gawayi. Lusina (leucaena) tana ba da abincin dabbobi da itace, tana kuma zubar da iri har ta mamaye inda ba a gayyace ta ba. A ƙasashen sanyi fofula (poplar) da wilo (willow) ne itatuwa masu saurin girma da ake dasawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a duba abin da ya riga ya yi kyau a irin ƙasar da za a dasa, a tambayi ma'aikatan gandun daji na yankin. Bishiyar da ake tallatawa da hotuna da alƙawarin katako cikin shekara uku, a gwada guda 50 tukuna kafin a sayi dubu.

Babban ragin farashi yana zuwa ne daga yin oda tun da wuri. Yawancin waɗannan itatuwa suna buƙatar wata 3 zuwa 5 a gandun reno. Idan aka je wa mai reno wata shida kafin lokacin dashe, aka ba shi kafin alƙalami, zai shuka da tabbacin yana da mai saye, shi ya sa yake sassautawa. Wanda ya zo bayan ruwa ya sauka, lokacin da kowa ke nema, ragowar da wasu suka tsince zai samu, a farashin da aka ga dama. A tuntuɓi masu reno aƙalla uku, kuma a je wurin wanda yake renon da kansa, ba dillalin da zai saro ya ɗora nasa ba. Gandunan gwamnati da na ƙungiyoyin kare muhalli a wurare da yawa suna sayarwa da rangwame ko su raba kyauta, illarsu ita ce ba kullum ake samun nau'in da ake so a ranar da ake so ba. Manoma biyar da suka haɗa odarsu wuri guda sun fi kowannensu ƙarfin ciniki, kuma mota ɗaya za ta ɗauko musu.

A rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce: nau'in itace, adadi, tsawon dashe, girman leda, ranar ɗauka, wanda zai biya dako, da abin da za a yi da waɗanda aka ƙi karɓa. Cikon kuɗi sai bayan an duba kaya.

Dubawar nan ita ce inda ake cin riba ko a faɗi. Ido yakan tafi ga dashe mafi tsawo, alhali shi ne sau da yawa mafi muni. Abin nema shi ne mai tsawon santimita 25 zuwa 40, mai kauri a gindi, miƙaƙƙe, da kai ɗaya. Dogo siriri mai lanƙwasa ya girma ne a cunkushe cikin inuwa, iskar farko za ta kwantar da shi. Daga kowane dubu a zaro goma daga wurare daban-daban, har da tsakiyar jeri, ba na bakin hanya da aka jera don baƙi ba. A yage ledar a duba saiwa. Lafiyayya fara ce, mai ƙananan gashi da yawa, tana riƙe ƙasar ba ta wargaje ba. Idan saiwar ta naɗe a ƙasan leda kamar gammo, dashen ya kwana biyu, kuma haka za ta ci gaba da naɗewa a rami har ta shaƙe kanta, bishiyar ta faɗi bayan shekara biyu ko uku ba a san dalili ba. Idan aka ɗaga leda aka ji ta kama ƙasa, saiwar ta huda ta shiga ƙasan gandun, cire ta zai tsinke ta. Irin wannan kaya ne ake karyar da farashinsa a ƙarshen kaka. Araha ba ta ado. Ganye mai ɗigo-ɗigo, kumburi a reshe ko farin ƙwaro a bayan ganye kuwa dalili ne na barin kayan gaba ɗaya, don kada a kai cuta gona da kuɗin aljihu.

A tambaya ko an horar da dashen. Mako biyu zuwa huɗu kafin ɗauka ya kamata a janye masa inuwa a rage ruwa sannu a hankali. Wanda aka ɗauko kai tsaye daga rumfa zuwa rana ganyensa ke ƙonewa cikin kwana biyu.

Leda ba ita kaɗai ce hanya ba, kuma ita ta fi tsada wajen dako: ƙaramar leda da jiƙaƙƙiyar ƙasarta tana kusan kilo ɗaya, dashe 1,000 ya doshi tan guda ke nan. Malaina da tik (teak, bishiyar katako) ana sayen su a matsayin gutsure, wato a tuge dashen a yanke kara a bar santimita 2 zuwa 3, a bar saiwa kimanin santimita 15 zuwa 20. Ɗaruruwa suna shiga buhu ɗaya mai laima. Zogale, fofula da wilo suna kamawa daga yankan reshe. A inda ake hunturu mai tsanani ana sayar da dashe tsirara ba ƙasa lokacin da itatuwa suka zubar da ganye, sharaɗinsa kada saiwa ta bushe ko na ɗan lokaci. Wanda ke buƙatar dubbai kuma yana da ruwa, sayen iri ya rena da kansa ya fi komai sauƙi. Sai dai a gwada irin: ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma, a ƙirga masu tsirowa. Irin dogon yaro yana mutuwa cikin 'yan makonni bayan an tsince shi, sabo kawai ake saye. Na lusina ɓawonsa tauri ne, sai an jiƙa shi a ruwan zafi kafin ya tsiro da kyau.

Kada kaya su iso kafin a gama haƙa ramuka, kimanin santimita 30 faɗi da zurfi, da shinge idan akwai dabbobi. A shayar da dashen ana gobe ɗauka, a ɗauke shi ta leda ba ta kara ba, a jera a tsaye a matse, a rufe motar da tamfol, domin iskar gudu tana busar da ganye fiye da rana. Tafiyar asuba ko ta yamma ta fi. Idan adadin ya fi abin da ma'aikata za su dasa cikin kwana biyu ko uku, a karɓo shi kashi-kashi. Wanda ya rage a ajiye shi a inuwa ana yayyafa masa ruwa, kuma a dasa bayan ruwan sama ya jiƙa ƙasa har ƙasan ramin, a cire ledar gaba ɗaya, a danne ƙasa a gindi. Bayan mako uku zuwa huɗu a zagaya a ƙirga matattu a cike gurbinsu tun damina ba ta yi nisa ba.