Yadda za ka ƙona kitse da sassarfa ba tare da jiri ya kada kai ba

Duk Asabar da safe ina ganinsu wajen filin wasa na Karkanda a Katsina, sabbin zuwa, an sha rigar sanyi wani har leda yake naɗawa a ciki wai teɓa ta narke, su zuba da gudu kamar an biyo su, minti 10 ka ga mutum ya dafa gwiwa yana haki. Sati biyu ka neme shi ka rasa, abin yana damuna wallahi.

Ka fara gane makamashi biyu jiki ke aiki da su. Tuwo, shinkafa, fura, biredi duk sitaci ne, su koma sukari a jini, saura jiki ya aje a tsoka da hanta, gilaikojin ake ce mashi, wajen giram 500 ne a babban mutum. Wannan karan dawa ne, nan da nan ya kama nan da nan ya cinye. Kitse kuwa icen ƙirya ne, giram ɗaya kalori 9 gare shi (kalori shi ne ma'aunin makamashin abinci), na sitaci 4, amma a hankali yake ci kuma sai da isasshiyar iska.

In tuwo ka ci ka jira awa 2 zuwa 3. In bayan sallar asuba za ka fita dabino 3 da ruwa sun isa, ba sai ka kashe kuɗi kan lemun gwangwani ba. Ƙosai da awara sai ka dawo, man suya daɗewa yake a ciki.

To sai saurin gudun, nan ni na sha wuya. Farkon farawata daga Ƙofar Ƙaura na tasa ba ko kunu a cikina, ina ƙure gudu wai in ƙona kitse da yawa, ashe sukarin nike ta cinyewa, gani na yi kwalta na juyawa, sai da na zauna kan bencin wani mai shayi ya miƙo man ruwa. In kana haki har magana ta gagara, jiki ya karkata kan sukari, kason kitsen da kake ƙonawa ya ragu. Saboda haka ka rage har ka iya fira da na gefenka, ko tafiyar sauri ce ma ta yi, ka riƙe haka minti 40 zuwa awa ɗaya, yadda lokaci ke ja haka kason kitsen ke ƙaruwa. Ni ban yarda sabon farawa ya wuce wannan ba sai ya yi wata guda.

Ledar nan ka cire ta, zufa ruwa ce, kana sha nauyin ya dawo. Mafi yawan kitsen da ka ƙona ta numfashi yake fita.

In ka dawo ka sha ruwa, ka samu ƙwai ko wake da ɗan kunu, kar ka rama da malmala 3 don in ci ya fi ƙonawa teɓa tana nan. Mai ciwon suga ya ga likita kafin ya fara.