Matakan neman gurbin mastar a ilimin halayyar ɗan Adam na fagen shari'a

Da farko, ɗalibi ya tabbatar yana riƙe da lisansi (digirin farko) ta shekara 3 a ilimin halayyar ɗan Adam, irin wadda ake samu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, domin a kanta ake ɗora mastar ta shekara 2.

Sannan ya haɗa takardunsa: shaidar haihuwa, sakamakon kowace shekara da takardar kammalawa, ya kai kwafinsu a buga musu hatimin hukuma a nan Maradi. Idan makarantar da yake nema da Ingilishi take koyarwa, sai an fassara su.

Mataki na uku shi ne wasiƙar bayyana manufa, kuma a ganina nan ya kamata a fi daɗewa. Ya ambaci matsala guda da ta dame shi, misali yadda ake sauraron yaron da aka ci zarafinsa ba tare da an cusa masa amsa a baki ba, ko yadda ake tantance hankalin wanda ake tuhuma kafin alƙali ya yanke hukunci.

Daga nan ya roƙi malamai biyu su rubuta masa shaida, ya tuntuɓi ANAB, hukumar da ke ba ɗaliban Nijar tallafin karatu, ya aika takardun kafin wa'adi ya cika.