Yadda na tsayar da zaizayar gaɓar rafi

Kofaton shanu ne ya sassake gaɓar, ruwan Agusta ya ƙarasa ta. Na ja shingen ƙaya taku goma daga bakin ruwa, na bar mashaya guda inda gangaren ya kwanta, na zuba mata tsakuwa. In babu mashaya, dole dabbobi su keta shinge.

Sai na dasa ciyawar jema, layi biyu a gicciyen gangare, santimita 15 tsakanin tushe da tushe, an datse ganyen ya rage santimita 20. Dashen farko a ƙarshen Yuli na yi shi, ambaliya ta kwashe layin ƙasa tun saiwa ba ta kama ba. Da shekara ta zagayo na sake dasawa a Yuni, na danne gindin da duwatsu, ya zauna daram.

Kiwo a cikin shingen sai bayan damina biyu, shi ma da rani kaɗai.